Numfashi a Ƙarƙashin Ruwa: Na'urar Maimaita Numfashi, Amfaninta da Tsadarta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa yin wanka a rafi ko a tafki ya san iyakar ɗan Adam a cikin ruwa. In ka toshe hanci ka nutsa, kafin minti ɗaya ya cika ƙirjinka ya fara zafi, tilas ka taso. Ko masuntan da suka gwanance da nutso, irin waɗanda ake zuwa kallo a bikin kamun kifi na Argungu, ɗan lokaci kaɗan suke iya yi a ƙasa. Amma yau akwai mutanen da suke yin sa'a uku ko huɗu a ƙarƙashin ruwa ba su leƙo ba, wasunsu a zurfin da ya wuce mita 100. Cikin kayan da suka sa haka ta yiwu akwai wata na'ura da ake goyawa a baya, wadda za mu kira na'urar maimaita numfashi, domin iskar da mutum ya fitar ita take tsabtacewa ta mayar masa ya sake shaƙa.

A wannan darasi za mu duba yadda take aiki, da ribar da ke cikinta, da abin da take ci. Za mu ga cewa kuɗi ne mafi sauƙi cikin abubuwan da take nema daga mai ita.

Abin da muke shaƙa da abin da muke fitarwa

Bari mu soma da abin da muka koya a ajin kimiyya. Iskar da ke kewaye da mu, kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, kashi 78 naitirojin, sauran kuma 'yan tarkace ne. Oksijin ce jiki yake amfani da ita, amma ba ya cinye duk wadda ta shiga huhu. Idan muka fitar da numfashi, akwai sauran oksijin kimanin kashi 16 a ciki, tare da kimanin kashi 4 na kabon dayoksaid, wato iskar da jiki ya gama aiki ya zubar. Ashe a kowane numfashi wajen rubu'in oksijin ɗin kawai muke ci, sauran mu mayar. A tudu wannan ba hasara ba ce, gama iska kyauta take. A ƙarƙashin ruwa kuwa, inda mutum ya goyo iskarsa a tukunya, babbar hasara ce.

Abu na biyu shi ne matsi. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. A bakin teku, nauyin iskar da ke bisanmu bar 1 ne. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa yana ƙara masa bar 1. Wato a mita 10 bar 2 ne, a mita 30 bar 4, a mita 90 bar 10. Huhu ba ya iya buɗewa sai an ba shi iska mai matsi daidai da na ruwan da ke danne ƙirji. Saboda haka numfashi ɗaya a mita 30 yana cin iskar numfashi huɗu na tudu.

Hanyar da aka saba: sikuba

Kayan nutso da muka fi gani a hotuna su ake kira sikuba. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su suka ƙera irin da ya bazu a duniya, a shekarar 1943. Tsarinsa mai sauƙi ne: tukunyar ƙarfe cike da iska, da bawul mai rage matsi, da mesa zuwa baki. Mai nutso ya shaƙa, ya fitar, numfashin ya tafi sama ya zama kumfa.

Ga lissafinsa. Tukunya mai lita 12 da aka ɗura wa iska har bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. A ce mutum yana shaƙar lita 20 a minti ɗaya. A tudu za ta kai shi minti 120. A mita 30 yana cin lita 80 a minti, sai ta ƙare cikin minti 30. A mita 90 kuwa, minti 12 kacal. Ga shi kuma ba a yarda a shanye tukunya ƙaf ba, dole a bar na komowa.

Domin wannan, da wasu dalilan da za mu gani, makarantun nutso suka sa wa masu yi don nishaɗi iyaka a mita 40. Duk nutson da ya wuce haka, ko wanda ya shiga can cikin kogo ko cikin jirgin da ya nutse, inda ba halin tasowa kai tsaye, shi ake kira nutson ƙwararru, kuma kayansa da horonsa daban ne.

Matsaloli uku na zurfi

Na farko, naitirojin tana sa maye. Daga wajen mita 30 mai nutso yakan fara jin kansa kamar wanda ya sha abin sa maye, tunaninsa ya yi nauyi. Maganin wannan shi ne a rage naitirojin a sa hiliyom a madadinta, iska marar nauyi wadda ba ta sa maye. Sai dai hiliyom tana da tsada ƙwarai.

Na biyu, oksijin kanta takan zama guba idan matsinta ya yi yawa. Ana samun awon oksijin ta hanyar ninka kasonta da matsin wurin. A tudu 0.21 ne. Idan ya faɗi ƙasa da 0.16 mutum ya fara shiga haɗarin suma, idan kuma ya haura 1.6 yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin numfashin ya suɓuce daga bakinsa. Iskar da muke shaƙa yau da kullum tana kai 1.6 a mita 66, zallar oksijin kuwa a mita 6 kawai.

Na uku, tasowa da gaggawa tana kashewa. A zurfi, iska tana narkewa cikin jini da tsoka. In aka taso da sauri sai ta fito ta zama kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an ɓalle murfinta farat ɗaya. Kumfar tana kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Don haka dole a taso daki-daki, ana tsayawa ana jira. Ƙasarmu ta ga misalin wannan. A watan Mayu na 2013 wani jirgin ja ya kife a tekun da ke kusa da gaɓar Nijeriya, ya sauka a zurfin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan sa'a 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari nan take ba, sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a cikin wani ɗakin ƙarfe inda ake rage matsi sannu a hankali. Haka kuma Bamasare Ahmed Gabr, da ya kai mita 332 da kayan sikuba a Bahar Maliya a 2014, cikin kimanin kwata na sa'a ya sauka, amma tasowa ta ci masa fiye da sa'a 13, ana ta miƙa masa tukwane a hanya.

Yadda na'urar maimaita numfashi take aiki

Wannan na'ura ta girmi sikuba. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Fleuss, shi ya yi rajistar irin ta farko mai aiki a 1878. A 1879 ruwa ya cika ramin da ake haƙa wa jirgin ƙasa a ƙarƙashin kogin Severn, tsakanin Ingila da Wales. A 1880 wani mai nutso, Alexander Lambert, ya goya na'urar Fleuss ya yi tafiyar kimanin mita 300 cikin duhu, ya rufe ƙofar ƙarfe da ta tare ruwan. Sojojin ruwa sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, tun da ba ta fitar da kumfar da za ta tona asirinsu. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ne masu aiki da lantarki suka shiga kasuwa da yawa, kamar ƙirar Inspiration da ta fito daga Ingila a 1997.

Tsarinta zagaye ne. Numfashin da mai nutso ya fitar yana bin mesa ya shiga wata jaka mai kumbura da motsewa kamar huhu. Daga nan ya ratsa wani gwangwani cike da tsakuwoyin soda laim, wanda mafi yawansa sinadarin farar ƙasa ne. 'Yan ajin kimiyya za su tuna gwajin da ake hura numfashi ta tsinken roba cikin tataccen ruwan farar ƙasa, sai ruwan ya yi fari kamar madara. Abin da ke faruwa a gwangwanin ke nan: kabon dayoksaid ta haɗu da sinadarin ta zama alli, tare da ɗan ruwa da ɗumi. Bayan haka iskar ta wuce gaban wasu ma'aunai, yawanci guda uku, masu gwada awon oksijin. In kwamfutar na'urar ta ga ya ragu, sai ta buɗe bawul ta ƙara kaɗan daga wata ƙaramar tukunyar oksijin. Akwai tukunya ta biyu mai ɗauke da iskar sirki, wadda take cika jakar yayin da ake sauka, ta kuma hana oksijin yin ƙarfi. Daga nan iskar ta komo baki.

Amfaninta

Amfani na farko shi ne tattalin iska. Jikin mutum yana cin kimanin lita ɗaya na oksijin a minti in yana aiki matsakaici, kuma zurfi ba ya canza wannan. Ƙaramar tukunya mai lita 3 a bar 200 tana da lita 600, wato a lissafi sa'a 10, ko a mita 10 ko a mita 100. Kafin nan ma soda laim ɗin ne zai gaji, gama yawanci sa'a uku ko kusa da haka ake ba shi. Ku gwada wannan da minti 12 na sikuba a mita 90.

Na biyu, tattalin hiliyom. Mai sikuba da ya yi minti 30 a mita 60 yana zubar da lita 4,200 na iska mai tsada. Mai na'urar maimaita numfashi 'yar kaɗan yake bukata, domin hiliyom ɗin tana ta zagayawa ba ta fita.

Na uku, na'urar tana riƙe awon oksijin a wuri ɗaya, yawanci 1.3, ko'ina aka kai. Wannan yana rage iskar da ke narkewa cikin jiki, ya kuma gajarta jiran tasowa.

Na huɗu, shiru. Ba kumfa, ba ƙara, saboda haka kifaye ba sa gudu, abin da masu ɗaukar hoto da masu binciken halittun ruwa suke so ke nan. A cikin kogo ma kumfa ba ta kakkaɓo laka daga rufi ta rufe wa mutum ido. Iskar kuma da ɗumi da laima take zuwa, ba kamar ta sikuba mai sanyi da busar da maƙogwaro ba.

Tsadarta a kuɗi da lokaci

Sabuwar na'ura mai lantarki tana kaiwa kimanin dalar Amurka 8,000 zuwa 12,000, ninki da yawa na kuɗin cikakken kayan sikuba. Sayen kuma mafari ne kawai. Duk cikawa ɗaya tana cin soda laim wajen kilo biyu da rabi, wanda in ya gaji zubarwa ake yi. Ma'aunan oksijin suna tsufa ko ana aiki da su ko ba a yi, ana canza su bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga batir, ga kai na'urar wurin gyara. Bugu da ƙari, mai na'urar bai rabu da sikuba ba, dole ya rataya tukwanen ko-ta-kwana da za su ishe shi tasowa idan na'urar ta lalace a ƙasa.

Sai horo. Kowace ƙira da kwas ɗinta, na wajen mako guda, bayansa kuma sai an tara sa'o'i da yawa a ruwa marar zurfi kafin a ƙara mataki. Masu son ɗanɗanawa sukan fara ne a tafkin wanka da malami a gefensu, kuma abin da ya fi ba gwanayen sikuba mamaki shi ne komawarsu 'yan koyo. Mai sikuba ya saba in ya cika huhu ya ɗan tashi, in ya fitar ya ɗan sauka. A nan dabarar ba ta aiki, don iskar daga huhu take shiga jaka, daga jaka ta komo huhu, girmanta bai canza ba.

Wanda ke nutso kaɗan a shekara, a ruwa marar zurfi, ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba. Wanda ke yawan zuwa zurfi ne tattalin hiliyom zai iya biya masa, shi ma bayan shekaru.

Tsadar da ta fi kuɗi

Idan sikuba ta sami matsala, yawanci mai ita yana sani nan take: ko iska ta yanke, ko ta yi ta kwarara, allurar ma'auni kuma tana nuna masa abin da ya rage. Na'urar maimaita numfashi kuwa tana iya ci gaba da ba mutum abin shaƙa lami lafiya, alhali abin da ke cikin jakar ba zai riƙe rai ba. Oksijin tana iya raguwa mutum ya suma ba tare da ya ji komai ba. Tana iya yin yawa jijjiga ta kama shi. Kabon dayoksaid tana iya taruwa, in soda laim ya gaji ko ba a cusa shi daidai ba. Masu haƙa rijiya sun san irin wannan mugunyar iska da ke kwanciya a ƙasan rami, ba launi, ba wari, shi ya sa wasunsu sukan zura fitila su ga ko za ta mutu kafin su sauka.

Wani likita ɗan Ostareliya, Andrew Fock, ya buga bincike a 2013 a kan mutum 181 da suka mutu da wannan na'ura tsakanin 1998 da 2010. Ya ƙiyasta cewa haɗarin mutuwa da ita ya kai kusan ninki goma na sikuba, kuma a yawancin mace-macen akwai nutso mai haɗari ko ganganci daga mai nutson.

Labarin Dave Shaw ya isa darasi. Matuƙin jirgin sama ne ɗan Ostareliya, mutumin da aikinsa ya koya masa bin ƙa'ida. A watan Oktoba na 2004 ya sauka mita 270 da wannan na'ura a wani kogo mai ruwa da ake kira Boesmansgat, a Afirka ta Kudu. A can ƙasa ya tarar da gawar wani saurayi mai shekara 20 da ya ɓace a wurin tun 1994. Ya yi wa iyayen yaron alkawari zai ɗauko musu ɗansu. Ranar 8 ga Janairu, 2005, bayan shiri mai tsawo da mataimaka masu yawa, ya sake sauka. Aikin ya zo da wuya fiye da yadda aka tsara: gawar ta taso daga laka tana yawo, igiya kuma ta sarƙe da fitilarsa. A wannan zurfi matsi ya kusa bar 28, iska ta yi kauri, jan ta da tura ta aiki ne babba. Da ya ƙara ƙoƙari, jikinsa ya riƙa yin kabon dayoksaid fiye da yadda huhunsa zai iya fitarwa, har ya suma ya rasu. Bayan 'yan kwanaki, da ake janye igiyoyi, gawarwakin biyu suka taso tare. Kyamarar da ke kan hularsa ta ɗauki komai, kuma daga sautin numfashinsa ne likitoci suka gane abin da ya faru. Nazarin mutuwarsa na cikin abubuwan da suka sa masu nutso suka ƙara kula da kaurin iska da yawan aiki a zurfi.

Abin da ƙwararru suke yi

Rigakafi ya fi magani. Mai wannan na'ura yana harhaɗa ta ne da takarda a hannu, yana bin matakai ɗaya bayan ɗaya yana sa alama, ko da ya yi sau ɗari. Yana gwada ko tana yoyo, ya gwada ma'aunan da zallar oksijin, sannan ya zauna a tudu ya toshe hanci ya yi numfashi da ita na 'yan mintoci yana kallon lambobi. A cikin ruwa ba ya barin minti biyu su wuce bai dubi awon oksijin ba. In ya ji wani abu bai yi masa daidai ba, ba ya tsayawa bincike, sai ya koma kan tukunyar ko-ta-kwana ya kama hanyar sama. In kuwa gwaji ɗaya ya ƙi tun a tudu, ranar ba shiga ruwa, ko da an biya kuɗin kwalekwale. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

To, na'urar ta cancanci kuɗinta? Ga mai binciken kogo mai nisa, da masanin da ke nazarin halittu a zurfin mita 100, da mai ɗaukar hoton kifaye, ta cancanta, gama tana kai su inda sikuba ba ta kaiwa sai da wahala. Ga mai son kallon ƙasan teku a mita 15 lokacin hutu, sikuba ta fi araha, ta fi sauƙi, ta kuma fi aminci.

Ya ku ɗalibai, da yawanku ba za su taɓa goya wannan na'ura ba, amma wasunku za su riƙe na'urar sa barci a ɗakin tiyata, wadda ita ma da soda laim take tsabtace numfashin majiyyaci. Wasu za su kula da injuna, wasu su tuƙa jirage. Kafin ku karɓi kowane kayan aiki, ku tambayi abin da yake bayarwa, ku tambayi kuɗinsa, sannan ku yi tambaya ta uku: in ya lalace, zan sani? Idan amsar ita ce ba lalle ba ne, to, sai ku riƙi takardar dubawa da hannu biyu, musamman ranar da kuka fara jin kun gwanance.

Tambayoyi domin nazari

1. Tukunya tana da lita 2,400 na iska, mai nutso kuma yana shaƙar lita 20 a minti a tudu. Minti nawa za ta kai shi a mita 20? A mita 50 fa?

2. Mene ne awon oksijin na iskar yau da kullum a mita 40? Ya haura iyaka ko bai haura ba?

3. Don me zurfi yake ƙara yawan iskar da mai sikuba ke ci, amma ba ya ƙara oksijin da mai na'urar maimaita numfashi ke ci?

4. Kawo hanyoyi uku da iskar cikin na'urar take iya ɓaci, ka bayyana abin da kowace take yi wa jiki.

5. Me ya sa ba a fito da Harrison Okene sarari nan take ba?